Amsa ga Alhaji kan cajar da aka duba guda 125 kacal

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji, yanzu na saurari saƙonka, ina kan hanya ne ɗazu. Ka ce ka yi odar cajar waya 3,000 a wata masana'anta a Chaina, mai duba maka kaya ya buɗe 125 kawai ya ce lodin ya yi, kana ganin ko ya cuce ka.

To, a kan adadin dai bai cuce ka ba. Ba da ka ya faɗi 125 ɗin nan ba, akwai jadawalin da ake bi, ISO 2859, 'yan harkar suna ce masa AQL. Asalinsa daga sojojin Amurka ne, tun yaƙin duniya na biyu, don harsashi ba za ka harba duka ka ce gwaji kake ba. Kamar ashana ne, in ka ƙyasta kowane tsinke me za ka sayar? A jadawalin, kaya daga 1,201 zuwa 3,200, a matakin dubawa na biyu, 125 ake ɗiba. In kun yi yarjejeniya a kan 2.5, wato kun yarda masu matsala su kai 2.5 cikin ɗari, aka samu masu matsala 7 ko ƙasa a cikin 125 ɗin, an karɓa. Suka kai 8, lodin gaba ɗaya an ƙi shi. Ko 10,000 ka saya, 200 za a duba, ba wai sai kashi goma cikin ɗari ba kamar yadda mutanenmu ke ɗauka.

Amma ni abin da zan tambayi mai duba kayan, daga ina ya ɗebo su? Nan ne maganar take, wallahi. Kai ma ka san Dawanau. Ba wanda ke sayen wake don ya ga bakin buhu ya yi kyau, sai ya soke tsakiya, ya soke gindi. In ma'aikatan masana'antar ne suka jero masa kwalaye biyar a bakin ƙofa, to wannan 125 ɗin ba ta da amfani ko kaɗan. Shi zai zaɓa da kansa, na sama, na ƙasa, na can lungu, kuma sai an gama haɗa kayan an sa a kwali. Ka ce ya turo maka lambobin kwalayen da ya buɗe, da hotuna.

Sannan kar ka ɗauka tunda lodi ya wuce babu lalatacce. 2.5 cikin ɗari na 3,000 guda 75 ne fa, ka sa a lissafinka. Kuma ƙarzuwar jiki daban, cajar da ke jan mutum ko ta kama wuta daban. Irin wannan ko ɗaya aka gani ba a karɓa. Duba takardarku, an rubuta haka? In babu, ka sa a rubuta kafin ka tura cikon kuɗin.