Tambayi Likita: Ciwon Suga Da Aka Gano A Gadon Asibiti

An kwantar da maigidana saboda ciwon haƙarƙari, sai aka ce suga ya hau. Shi ke nan ya kamu?

Ba lallai ba, Hajiya. Tsananin ciwo kan tayar da suga, haka ma magunguna irin su dexamethasone. Ki nemi a yi masa gwajin HbA1c, wanda ke nuna yanayin suga na wata 2 zuwa 3 da suka wuce. In ya kai kashi 6.5, ciwon ne.

Zan iya sa wa mahaifiyata zuma a koko maimakon suga?

A'a. Zuma ma tana tayar da shi.

Babanmu na kwance da gyambo a ƙafa, suga ya kai 24 a ma'aunin sugan jini (mmol/L). An fara masa allurar insulin, amma dangi sun ce wanda aka fara wa ita ba ya tashi. Suna so a kai shi gida a ba shi jiƙon maɗaci.

Ɗan'uwa, don girman Allah kada ku ɗauke shi. Insulin ba guba ba ce. Jikin mai lafiya yana yin ta kullum don daidaita suga, na Baba ne ya gaza. Abin da ya ɓata mata suna shi ne, mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki, in rai ya yi halinsa sai a ɗora wa allura.

A asibiti mun fi amfani da ita domin ana iya ƙara ta ko rage ta gwargwadon awo, a riƙe suga tsakanin 7.8 da 10. Metformin kuwa, maganin suga na ƙwaya, mukan dakatar da shi in ciwo ya yi tsanani ko ƙoda ta raunana. Da yawa sukan koma ƙwaya bayan sallama. Gyambo kuma da wuya ya warke muddin suga na sama, yana iya ci gaba har a kai ga yanke ƙafa.

Batun jiƙo yana ɓata min rai ƙwarai. Mu muna auna allura daidai, masu jinya na ɓoye gora a ƙarƙashin gado suna ɗura wa mara lafiya da dare! Ɗaci ba ya kashe suga. Ba wanda ya san ƙarfin abin da ke cikin gorar, kuma yana iya lalata ƙoda da hanta. In an riga an ba shi, ku faɗa wa likitansa yau, ba faɗa za a yi muku ba. Kada kuma a barbaɗa komai a gyambon. Na sake roƙonku, ku bar shi a asibiti.

Bayan allurar insulin Inna takan yi gumi da rawar jiki.

Alamar faɗuwar suga ce, ƙasa da 3.9. Ku kira nas nan take. In tana iya haɗiya a ba ta lemo mai zaƙi, in ta suma kada a zuba mata komai a baki. Ko bayan sallama ta sake faruwa, ku dawo da ita asibiti a duba yawan allurar.