Hukuncin Barin Maganin Asibiti na Sankarar Mama Saboda Tallan Fitattun Mutane

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina rubuto wannan tambaya daga unguwar Bagalam a nan Maradi. Yayata, mai 'ya'ya biyar, ta ji ƙullutu a nononta na hagu, aka ɗebi ɗan nama aka auna, likita ya tabbatar sankara ce amma ba ta bazu ba. Ya ce a yi tiyata, a biyo da maganin shimiyo, wato magungunan asibiti masu kashe ƙwayoyin sankara, wataƙila kuma a tura ta Yamai don gashi, wato ƙona sankarar da hasken na'ura. Sai mijinta ya kawo bidiyon wata fitacciyar 'yar fim a TikTok tana rantsuwa cewa wani haɗin habbatus sauda da zuma da saiwoyi ya warkar da ƙawarta cikin kwana arba'in, kwalba jikka ashirin da biyar. Ya ce maganin Musulunci ne, guje masa raunin imani ne, dangi kuma suna cewa daji ba ya son ƙarfe, wato ba a yi wa sankara tiyata. Shin ya halatta ta bar asibiti ta koma wannan haɗin? Idan mijinta ya hana ta tiyata, wajibi ne ta bi shi?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya ba yayarki lafiya, ɗiyata, ya saka miki da alheri bisa tsayawar da kika yi mata.

Abin da ya bayyana gare ni shi ne, a halin da kika siffanta, bai halatta ta bar maganin da likitoci suka tsara mata ta dogara da wannan haɗin ba, kuma mijinta ba shi da ikon hana ta a shari'a.

Asali, neman magani abu ne da shari'a ta yi umarni da shi. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Usama bin Sharik cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce: "Ku nemi magani, ya ku bayin Allah." Gaskiya ne da yawa daga magabata sun tafi a kan cewa barin magani ya halatta, suna kafa hujja da matar nan mai farfaɗiya da ta zaɓi haƙuri da Aljanna, kamar yadda Bukhari ya kawo daga Ibn Abbas. Sai dai farfaɗiyarta ba cuta ba ce da aka san tana kisa idan aka bar ta, kuma a lokacin babu wani sanannen magani da aka tabbatar yana kawar da ita. Idan rinjayen zato ya zama cewa barin magani zai kai ga halaka, yin sa kuma zai tsirar da rai, hukuncin yana komawa wajibi, saboda faɗin Allah a Suratul Baƙara, aya ta 195: "Kada ku jefa kanku da hannuwanku zuwa ga halaka." A kan haka Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta tsaya a zamanta na bakwai a Jidda a shekarar 1992, inda ta ce magani yana wajaba idan barinsa zai kai ga mutuwa, ko rasa gaɓa, ko naƙasa.

Wanda ake komawa gare shi a ji ko rinjayen zaton ya samu shi ne masanin abin. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa daga Zaid bin Aslam cewa wani mutum ya ji rauni a zamanin Annabi, aka kira mutum biyu daga Banu Anmar su duba shi, sai Annabi ya tambaye su wanne ne ya fi sanin magani a cikinsu. Bai tambayi wanda ya fi suna ba, bai tambayi wanda mutane suka fi so ba. Wanda ya shahara da fim ko waƙa ya shahara ne a sana'arsa, shaharar kuma ba ta mayar da shi likita, ballantana idan an biya shi kuɗin talla, domin shaidar mai jawo wa kansa amfani ba ta karɓuwa ko a gaban alƙali a kan rigimar akuya, balle a kan ran uwar yara biyar.

Ki kuma lura da abin da bidiyon bai faɗa ba. Ba a nuna takardar awon da ta tabbatar cewa ƙawar tana da sankara tun farko ba, alhali mafi yawan ƙullutun da mata ke ji a nono ba sankara ba ne, wasu ma suna bajewa da kansu. Ba a faɗi mata nawa suka sha haɗin suka rasu ba, domin wadda ta rasu ba ta dawowa ta yi bidiyo. Haka yake ko a ƙasashen Turai da Amurka. A shekarar 2024 Elle Macpherson, shahararriyar mai tallan tufafi 'yar Ostareliya, ta bayyana cewa ta ƙi shimiyo ta bi hanyoyin da ba na asibiti ba, labarin ya zagaya duniya, amma ita kanta ta faɗa cewa an riga an cire mata ƙullutun da tiyata. Suzanne Somers, 'yar fim ta Amurka da ta daɗe tana yaɗa irin wannan ra'ayi, ita ma an yi mata tiyata da gashi kafin ta ƙi shimiyo. Masu yaɗa labarinsu sukan tsallake wannan ɓangaren, sai mace ta bar tiyatar da su waɗancan ba su bari ba.

A ɗaya gefen akwai ilmin da aka tattara daga marasa lafiya masu yawa. Masu bincike na Jami'ar Yale a Amurka, a wani nazari da aka buga a 2018, sun kwatanta masu sankarar da ba ta bazu ba waɗanda suka zaɓi magungunan da ba na asibiti ba kaɗai da waɗanda suka karɓi na asibiti, suka samu cewa a sankarar mama haɗarin mutuwa ya ninka fiye da sau biyar ga na farkon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata miliyan 2.3 ne aka gano suna da wannan cuta, 670,000 suka rasu, kuma a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 90 cikin ɗari suna raye bayan shekara biyar da gano ta. Babban abin da ya raba mu da su shi ne saurin zuwa asibiti da kammala magani. Ma'aikatan asibitocinmu sun san irin matar da ake kawo musu bayan watanni ana shafa mata garin saiwa, nono ya fashe ya zama gyambo, an naɗe shi da tsumma, hammata ta kumbura, kuɗin gida kuma sun riga sun ƙare wajen masu kwalba. A lokacin ne ake yin aiki, idan ta rasu a ce ƙarfe ne ya kashe ta, alhali jinkiri ne. Daga nan maganar "daji ba ya son ƙarfe" ta samo ƙarfinta, kuma ba ta da tushe a shari'a: Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi ya aika wa Ubayyu bin Ka'ab mai magani, ya yanke masa jijiya ya yi masa lalas.

Game da habbatus sauda, hadisin da ya ce waraka ce daga kowace cuta ban da mutuwa ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi, kuma babu Musulmin da zai yi jayayya da shi. Amma malamai irin su Khaɗɗabi, kamar yadda Ibn Hajar ya naƙalto, sun fassara shi da cewa lafazi ne gamamme da ake nufin wasu cututtuka da shi, kuma aikin Annabi kansa yana nuna haka, tunda ya yi ƙaho, ya umarci wani da zuma, ya aika mai magani ga wani, bai ce kowa ya tsaya ga habba ba. Muslim ya kawo cewa idan aka dace da maganin cutar sai ta warke da izinin Allah, wanda ke nuna kowace cuta da nata. Hadisin kuma bai ambaci kwalbar wani ɗan kasuwa da saiwoyin da ba a san sunansu ko ma'auninsu ba. Liƙa wa irin wannan haja sunan Musulunci don ta shiga kasuwa jingina wa Annabi abin da bai faɗa ba ne. Likitoci ma ba su ƙi itatuwa ba: paclitaxel, ɗaya daga magungunan shimiyo na sankarar mama, daga ɓawon wata bishiya aka fara samo shi, sai dai an gwada shi shekaru kafin a san adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa.

Mai haɗa maganin da mai tallarsa kuwa suna cikin haɗari babba. Abu Dawud da Nasa'i da Ibn Majah sun ruwaito cewa wanda ya shiga yin magani ba a san shi da ilmin magani ba, shi ne mai lamuni. Kuɗin da aka karɓa bisa alkawarin warakar da ba a tabbatar ba cin dukiyar mutane ne da ɓarna, rantsuwar da aka haɗa da shi kuma tana ƙara nauyin zunubin.

Shi kuma mijin, ina kyautata masa zato cewa tsoro ne da nauyin kuɗi suka sa shi, domin tafiya Yamai, mai nisan fiye da kilomita 600, da zama can ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake tun 2021 ana yin gashin a Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa da ke Yamai ba sai an fita ƙasar waje ba. Amma biyayya ga miji tana cikin abin da yake ma'arufi ne, jiki kuma amana ce a hannun mai shi, yardarta ita ce abin lura a tiyata. Ku sa manya da limamin unguwa su zauna da shi cikin mutunci, ya raka ta wajen likita ya yi tambayoyinsa da bakinsa, dangi kuma su haɗa hannu a kan kuɗin, har zakka ana iya ba ta idan ba ta da hali. Idan duk da haka ya ƙi, ta tafi, babu laifi a kanta. Idan ba a sami likita mace ba, namiji ya duba ta gwargwadon buƙata ba tare da keɓancewa ba.

Ta ci gaba da addu'a da tofi da Fatiha da Falaƙi da Nasi, ta yi sadaka, duk wannan yana tafiya tare da magani kuma shi ne tawakkali na gaskiya. Idan tana son zuma ko habba a matsayin abinci, ta fara shaida wa likitanta, domin wasu saiwoyi suna wahalar da hanta da ƙoda ko su rage ƙarfin shimiyo. Gashin kai da ke zubewa saboda shimiyo yana tsirowa bayan an gama. Kada ta ce bari ta gwada kwalbar kwana arba'in tukuna, ta koma asibiti cikin wannan mako a sa mata ranar aiki.

Allah ne mafi sani.