Rigar kyaftin ɗin kumbo: wacce za a ɗinka, kuma me ke sa ta hawa sama?

Yaron shago ya tambaya: Maigida, wani ɗalibi daga Samaru ya kawo hoto biyu a waya, na rigar kyaftin ɗin kumbo a shirin talabijin na Star Trek. Ɗaya riga da wando a haɗe suke, ɗaya a rabe. Ya ce masu kallon shirin har yau suna gardama a kan wadda ta fi kyau, kuma shi ba ya son rigar da ke hawa sama in an zauna. Wacce zan ɗinka masa, kuma da wane yadi?

Ɗana, ka ɗinka masa ta biyun, wadda take a rabe. Amma ka ji dalili tukuna, don in ya dawo da gardamar abokansa ka san abin da za ka ce masa.

Ta farkon ita aka fara sabon shirin, Star Trek: The Next Generation, da ita a 1987, William Ware Theiss ne ya zana ta. Yadin roba ne mai talewa, kuma da gangan aka yanka ta ƙasa da awon masu sawa domin ta ɗame jiki, kada kyamara ta ga tattara ko ɗaya. A hoto kam ta yi sumul, abin da masoyanta ke yabo ke nan. To amma ka duba ta da idon tela. Riga ɗaya ce tun daga kafaɗa har idon sawu, an rage mata tsawo, yadi na ja sama yana ja ƙasa. Ina jan zai sauka? A kafaɗa da gadon baya. 'Yan wasan sun yi ta kukan ciwon baya, har Patrick Stewart, mai fitowa a matsayin Kyaftin Picard, aka gargaɗe shi cewa rigar za ta yi wa bayansa lahani. Ga riƙe warin zufa, wanda halin irin wannan yadi ne. A 1989 sai Robert Blackman ya sake ta: manyan 'yan wasa maza suka koma riga daban wando daban, na yadin ulu irin na gabadin, aka ɗaga kwala ta tsaya kamar ta kaftani, aka cire siririn layin adon da ke kafaɗa. Baya ya huta, sai wata matsala ta ɓullo. Rigar ta riƙa hawa sama, kyaftin yana jan ta ƙasa da hannu biyu, har masu kallo suka raɗa wa jan rigar suna, suna ce masa dabarar Picard, sunan wata dabarar yaƙi da ke cikin shirin. Abin da kwastomanka ke gudu ke nan.

Mai kallo hoto yake gani, bai san abin da ke damun wanda ke cikin rigar ba. Ka ɗinka wa mutum ta roba a Zariya, ya sa ta cikin watan Afrilu daga Samaru zuwa Kongo, ko ya biya ka ba zai sake waiwayarka ba. Ga kuma kekenka: Butterfly ɗinki miƙaƙƙe kawai yake yi, in yadi ya tale zare ba ya talewa, sai ya tsinke a tsakanin ƙafa da hamata. Wannan aiki sai da keke mai zigzag da allura mai dakusasshen baki, lamba 11, wadda ke ratsa saƙar yadi ba ta huda ta. Ba ka da su, ka bar shi.

Yanzu yadi. Ulun gabadin na gaske sai dai hunturu, Disamba da Janairu, bayan nan azaba ne. Ka shiga kasuwar Sabon Gari ka nemi yadin kwat mara nauyi, wanda ba ya sheƙi. Kada ka yarda da shadda ko da shi ya nema, sheƙinta da taurinta za su ɓata fasalin rigar. Launin kyaftin ja ne mai duhu, kusa da ruwan zoɓo, ba jan tumatir ba. Ka fito da yadin waje ka duba a rana, sannan ka ɗauke shi hoto da waya ka tura masa ya amince kafin a yanka maka, domin shi da hoto zai gwada. Launi a ido daban, a kyamara daban. A tsohon shirin na 1966 rigar kyaftin ta fi kusa da kore, fitilun ɗaukar hoto ne suka mayar da ita ruwan zinare a talabijin, kuma masu ɗinka ta har yau suna sa-in-sa a kan wanne ne daidai.

Ga mai ƙirji inci 40, in yadin mai faɗin inci 60 ne: ja yadi ɗaya da rabi, baƙi yadi biyu da rabi, domin wando da kafaɗu da gefuna da kwala da bakin ƙugu duk daga baƙin za su fito. Shafi yadi ɗaya ya isa, ka shafe kafaɗu da hannuwa kawai, ka bar jiki ya sha iska. Gam, wato ƙyallen da ake mannawa a bayan yadi don ya yi tauri, rabin yadi, ɓoyayyen zif mai inci 22, soson kafaɗa siriri guda biyu, zaren roba ja da baƙi, allura lamba 14. Ka jiƙa jan daban, baƙin daban, su bushe a inuwa kafin almakashi ya taɓa su. In baƙin zai zuba, gara ya zuba a bokiti da ya zuba a kan ja bayan wankin farko.

Kada ka ɗora alli kai tsaye a kan yadi yadda ka saba da kaftani. Wannan riga guntu-guntu ce, ka zana ta a takardar buhun siminti tukuna. Zana riga sukutum, gaba da baya, da ƙarin inci 4 a kan awon ƙirji, sannan ka ja layukan da suka raba baƙi da ja, ka yanka takardar, ka ƙara rabin inci na ɗinki a kowane baki da ka yanka. Nan yara ke faɗuwa: su manta ƙarin, riga ta fito ta rage inci 2 ba su san inda suka tafi ba. Ka lura kuma da ƙasan jan da ke gaba, a karkace yake, ɓangaren dama da na hagu ba ɗaya ba ne, don haka gaba ba a ninka shi biyu a yanka. A shimfiɗe za ka yanka, fuskar yadi na kallon sama, in ba haka ba tsinin ya koma ɗaya gefen, kuma masu son wannan shiri da kallo ɗaya za su gane. Gabadin yana da siraran layuka a karkace cikin saƙarsa. Duk guntayen su kalli gefe guda, in ka juya ɗaya don tsimin yadi, zai fito kamar an rina shi daban.

Kusurwoyin da baƙi ya haɗu da ja su ne wurin nuna gwaninta. Ka manna gam mai faɗin inci ɗaya a bayan kusurwar, ka bi layin da ɗinki ƙanana, ka tsaga da bakin almakashi har dab da zare amma kada ka taɓa shi. In ka zo kusurwar wajen haɗawa, ka bar allura a ciki, ka ɗaga ƙafar keke, ka juya yadi, ka ci gaba. Ka tsaga da yawa, rami. Ka tsaga kaɗan, kumburi.

Mu dawo kan hawa sama, tunda a kansa za a yi maka hukunci. Abu uku ke jawo shi. Na farko hamata. Yara suna zaton in an zurfafa ramin hannu mutum zai fi sakewa. A babbar riga haka ne, a riga mai kama jiki kuwa akasin haka: ramin in ya yi zurfi, da mutum ya ɗaga hannu sai hannun rigar ya ɗauko jikinta gaba ɗaya. Ka yanka ramin a sama, inci ɗaya kawai ƙasa da hamata, in ya ce ta matse shi ka sa ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu, inci 3, a ƙarƙashin hamatar. Na biyu bakin ƙugu. Rigar gajera ce, bakinta a tsuke, in ta hau ta kai inda ciki ya fi siranta sai ta maƙale can, ba ta da nauyin da zai dawo da ita kamar kaftani. Don haka kada ka ja roba ta zagaye bakin duka, ka sa inci 4 a kowane gefe kawai, kuma bakin ya fi awon wurin da zai zauna da inci ɗaya. Na uku tsawon baya. Mutum in ya zauna bayansa na ƙara tsawo, ka ba bayan rigar ƙarin inci ɗaya a kan gaba.

Bayan wannan ka ɗaure riga da wando ta ciki. Ka ɗaga ƙugun wandon inci 2 sama da inda ya saba ɗaurawa, ka ɗinka 'yan harsunan roba huɗu a cikin bakin rigar, biyu gaba biyu baya, kowanne inci 2, da maɓallin dannawa da zai kama ƙugun wando. Roba ce za ta ba da hanya in ya sunkuya, ta dawo da riga in ya miƙe. Ka sa ƙyalle maimakon roba, ka koma wa ciwon rigar farko.

Kwala inci ɗaya da kwata, da gam mai tauri, kuma ka yanka ta da ɗan lanƙwasa, miƙaƙƙiya buɗewa take yi ta bar wuya. Zif a tsakiyar baya yake. Ka kafa shi da ɗinkin hannu tukuna ka ja ka gani, domin layin da ya raba baƙi da ja dole ya haɗu daidai a gefe biyu na zif ɗin, ko kwatan inci ya goce ana gani daga nesa. Kan hannu kada ya fi raminsa da sama da inci ɗaya, wannan yadi ba ya shanye ƙari, tattarewa yake yi. Guga kuwa ta bayan yadi, ko ka ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle, in dutsen guga ya taɓa baƙin kai tsaye zai bar sheƙin da ba ya fita.

Alamar ƙirji da 'yan maɓallan muƙami na kwala ba aikinka ba ne, shi zai kawo abinsa. Ka dai sani alamar a hagu take, maɓallan a dama, na kyaftin guda huɗu. Ka sa gam a bayan wurin don kada nauyin alamar ya ja yadi.

Kafin ka rufe bakin ƙasa ka kira shi gwaji. Kada ka bar shi ya tsaya gaban madubi kawai. Ka ba shi kujera ya zauna ya tashi sau uku, ya ɗaga hannu kamar zai ɗauko abu a kan kanta, ya sunkuya kamar zai ɗaure takalmi. In ka ga hannunsa ya kai ga bakin rigar zai ja, ka duba hamata kafin ka taɓa komai.