Idan kifi bai mutu ba, maganin feshi bai taɓa rafi ba ke nan?

Tambaya: Gonata tana bakin rafi, kuma ina yi wa amfanin gona feshin maganin ƙwari. Wani ya ce ina cutar da halittun ruwa, alhali ban taɓa ganin mataccen kifi ko ɗaya ba. Da gaskiyarsa?

Amsa: Malam, da gaskiyarsa. Kifin da ya taso saman ruwa ya juya ciki shi ne ɓarnar da ido ke gani, amma ba ita ce mafi yawa ba.

Yawancin magungunan ƙwari jijiyoyi suke kamawa, jijiyar kaguwa ko jatan lande kuwa ba ta da nisa da ta ƙwaron da kake son kashewa, domin 'yan dangi ne. Iska ta ɗauki feshi, ko ruwan sama ya wanke gona, sai maganin ya gangara rafi.

Akwai masu kashe kifi kai tsaye. Maganin da ake kira saifametirin da 'yan uwansa suna da tsananin guba ga kifi saboda jikinsa ba ya saurin narkar da su, kuma suna manne wa laka su zauna. Kulofirifos kuma yakan hana jijiya hutawa, sai ka ga kifi yana fizge-fizge, ya kasa daidaita iyo. Ko bai mutu ba, ba ya iya tsere wa abin da ke farautarsa.

Wanda ya fi damuna shi ne imidakulofirid da danginsa. Ba ya yi wa kifi illa sosai, shi ya sa ake ganin kamar mai sauƙi ne. Amma yana narkewa a ruwa, kuma ɗan kaɗan ya isa ya hallaka tsutsotsin ƙwari da mitsi-mitsin halittun da kifi ke ci. Dubi tafkin Shinji na Japan. A 1993 aka fara amfani da irin wannan magani a gonakin shinkafar da ke kewaye da shi. Mitsi-mitsin halittun suka ragu da kashi 83 cikin ɗari, sannan wani ƙaramin kifi da masunta ke kama kimanin tan 240 a shekara ya koma tan 22. Abincinsa ne ya ƙare. Wa zai ga gawar abin da bai kai ƙwayar gero ba?

Tsofaffin magunguna kuma taruwa suke a kitsen jikin halittu. A tafkin Kiliya (Clear Lake) na Kalifoniya a Amurka an zuba DDD, ɗan uwan DDT, a 1949 da 1954 da 1957 don kashe wasu ƙananan ƙwari masu damun jama'a. Gubar ta bi daga ƙananan halittu zuwa kifi, daga kifi zuwa tsuntsayen da ke cinsa, suka yi ta mutuwa.

Ban ce ka daina kare gonarka ba. Ka bar ciyawa tsakanin gonar da bakin ruwa, domin tana tare laka da abin da ta ɗauko. Kada ka yi feshi ana iska ko hadari ya haɗo, kuma kada ka wuce ma'aunin da ke jikin kwalba. Wanke tankin feshi a rafi kuwa ya fi komai muni, don nan ne maganin ke shiga ruwa da ƙarfinsa. Ɗebi ruwan a bokiti, ka ɗauraye tankin nesa da gaɓa, ka fesa ɗaurayen a cikin gonar.