An yi mini ƙarin girma a kamfanin tafiye-tafiye, amma bizata a hannunsu take

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Kano ce, ina zaune a Manchesta da maigidana da yaranmu biyu. Karatun digiri na biyu ya kawo ni. Da na gama na samu aiki a wani kamfani mai ƙera manhajar da masu sayar da tikiti ke amfani da ita wajen kama kujerar jirgi da ɗakin otal. Shekara uku ke nan kamfanin ne ke ɗauke da bizata. Ina sashen amsa koke-koken abokan ciniki, mutum shida ne a ƙarƙashina. Yanzu an ce in koma manajar hulɗa da kamfanonin jiragen sama, da ƙarin albashi, amma da yawan tafiya Madrid da Dubai. Hajiyarmu ta ce aikin ya isa haka, in dawo kusa. Yayana yana so in sa kuɗi da sunana mu buɗe kamfanin Umara a Kano. Matan masallacinmu kuma kullum sai sun ce in haɗa musu tikiti da masauki tunda na san harkar. Anti, mace irina tana kaiwa wani wuri a wannan sana'ar, ko kaina nake yaudara? Ta ina zan fara?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri. Ki karɓi muƙamin, amma kada ki zauna a kujerar sai takardarki ta zauna.

Kin tambaya ko mata na kaiwa. Suna kaiwa, kuma ya kamata ki duba ƙofar da kowacce ta shigo ta cikinta. Gillian Tans karatun sarrafa otal ta yi a Holan, ta yi aiki a otal-otal, sannan a 2002 ta shiga Booking.com, mai kama wa mutane ɗakin otal ta intanet, yana ɗan ƙaramin kamfani a Amstadam. Sai a 2016 ta zama shugabarsa, bayan shekara 14. Jane Sun akanta ce. Daga Sin ta tafi Amurka karatu, ta yi aikin binciken kuɗi a KPMG, ta koma gida ta shiga kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip a 2005 a matsayin shugabar sashen kuɗi, ta zama shugabar kamfanin a 2016, wanda yau ake kira Trip.com. Ariane Gorin daga Microsoft ta koma kamfanin tafiye-tafiye na Expedia a 2013, ta daɗe tana riƙe da ɓangaren da ke sayar wa wasu kamfanoni fasaha da ɗakunan otal, irin layin da ake kiran ki yanzu, aka ba ta shugabancin kamfanin gaba ɗaya a watan Mayun 2024. A nahiyarmu ga Yvonne Makolo, wadda ta yi aikin kwamfuta a Kanada, ta koma Ruwanda ta yi shekaru a MTN, ta zama shugabar RwandAir a 2018, kuma a 2023 ta zama mace ta farko da ta shugabanci majalisar gwamnonin IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya.

Ukun farko kowacce ta haura shekara goma a kamfani ɗaya kafin ta hau kujerar ƙarshe, kuma kafin nan an ɗora mata wani abu da ake aunawa da kuɗi: ciniki, ko kwangila, ko asusun kamfani. Wannan shi ne abin da sashenki na yanzu ba zai ba ki ba. Sashen koke-koke makaranta ce mai kyau, babu wanda ya san inda manhaja ke ciwo kamar wadda ake kira ƙarfe biyun dare saboda tikitin fasinja ya maƙale. Amma a idon masu kamfani sashe ne mai cin kuɗi, kuma shi ake fara ragewa ko a miƙa wa na'ura in an shiga tsimi. Mata da yawa, musamman baƙi, a nan ake barin su su tsufa ana yaba musu haƙuri. Wadda ke zama da kamfanin jirgi tana ja-in-ja a kan kamasho da kwangila, sunanta ne ke fitowa a rahoton ƙarshen shekara. Ƙofar da aka buɗe miki ke nan, kuma ba kullum ake buɗe ta ba.

Ba zan yi miki daɗin baki ba. Manyan kujeru har yanzu galibi na maza ne: manyan kamfanonin harkar irin su Amadeus, Sabre, Airbnb, da uwar kamfanin Booking, duk maza ke jan su. Ita kanta Tans shekara uku ta yi, a 2019 Glenn Fogel ya karɓi kujerar. IATA ba ta ƙirƙiro shirin 25by2025, na ƙara yawan mata a manyan muƙamai, a 2019 don komai na tafiya daidai ba. Sana'ar kuma ba ta da tabbas. A 2020 Airbnb ya sallami kusan mutum 1,900, kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa, Booking.com ma ya sanar da ragi mai kama da haka. Ɗan ƙasa in an sallame shi sai ya nemi wani aikin a tsanake. Ke kuwa yawanci kwana 60 ake ba ki, ki samu wani mai ɗaukar nauyi ko ki tattara, ke da maigida da yara. Shi ya sa maganar takarda ta riga maganar kujera.

To ga abin da mutane ke tuntuɓe a kansa. Bizar Skilled Worker, wato bizar ƙwararrun ma'aikata da kike kai, ba a kan kamfani kaɗai aka ɗaura ta ba, har da lambar rukunin aikin da aka rubuta a takardar ɗaukar nauyinki. Daga shugabar masu amsa koke zuwa manajar hulɗa da kamfanoni, da wuya a ce lambar ba ta canza ba. In ta canza, ko da kamfanin bai canza ba, sai an ba ki sabuwar takardar ɗaukar nauyi, kin nemi a sabunta bizar, kuma ba ki fara sabon aikin sai an amince. Manajanki mai yiwuwa bai san da wannan ba, shi dai ya ga ma'aikaciyar da ta cancanta. Kada ki tsaya ga maganar baki a bakin ƙofar ofis. Ki rubuta wa sashen kula da ma'aikata saƙo gajere: na gode da tayin, ina so in karɓa, wace lamba za a sa wa sabon aikin, nawa ne albashin da za a rubuta, wa zai biya kuɗin neman biza da na lafiya da ake biya tare da ita, kuma yaushe za a fitar da takardar. Ki ajiye amsar a akwatin saƙonki na kanki, ba na ofis kaɗai ba.

Maganar albashi ki dube ta da kyau. Tun 22 ga Yulin 2025 mafi ƙarancin albashi na gama-gari ya koma fam 41,700, kuma kowace lamba tana da nata farashin, wanda ya fi yawa shi ake bi. Waɗanda suka shiga tsarin tun kafin Afrilun 2024, kamar ke, suna da sassauci, amma lauya ne zai faɗa miki iyakarsa a kan takardunki. Kuɗin lafiya fam 1,035 ne a shekara ga babba, 776 ga yaro, ki haɗa na manya biyu da yara biyu ki ga me ya sa nake cewa a yi cinikinsa tun yanzu. Kuɗin takardar ɗaukar nauyi da harajin da ake ɗora wa kamfani, doka ta hana a cire su daga aljihunki. Ki kuma karanta kwangilar ko akwai sharaɗin mayar da kuɗi in kin bar aiki da wuri. Wanda za ki nemi shawararsa ya zama lauya mai rajista ko wanda hukumar IAA, mai sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice, ta amince da shi, ba wani ɗan gari da ya ce ya taɓa yi wa mutane ba.

Abu ɗaya da ke ƙona mutane: daga ranar da kika tura takardar neman har ranar da amsa ta fito, kada ki bar ƙasar. Kin fita, an ɗauka kin janye. Ko bikin ƙanwarki ne a Kano, ko taron farko ne a Madrid, a daidaita rana.

Sai lissafin kwanaki, wanda a aikinki ya fi na kowa muhimmanci. Izinin zama na dindindin a dokar da kika shigo da ita shekara biyar ne, kuma zaman karatu da bizar bayan karatu ba sa cikin lissafi. Sabunta biza ba ya mayar da agogon baya. Sharaɗin shi ne kada ki wuce kwana 180 a waje cikin kowane wata 12, kuma tafiyar aiki ma ana ƙirga ta. In kina da niyyar fasfon Birtaniya daga baya, ma'aunin ya fi tsauri: kwana 450 a shekara biyar, 90 a shekarar ƙarshe. Ki ɗauka duk wata kin yi kwana biyar a waje, 60 ke nan, ki ƙara wata guda a gida da mako biyu na Umara, kin haura 100 ba ki ankara ba. Ki buɗe takarda a kwamfuta yau, ranar fita, ranar dawowa, dalili, ki riƙa ajiye tikiti. Ke da ke sayar da manhajar tikiti, abin kunya ne a ce ranakunki sun ɓace miki. A watan Mayun 2025 gwamnatin Birtaniya ta fitar da manufar mayar da shekara biyar ɗin goma ga mutane da yawa, don haka ranar da kika cancanta ki nema, kada ki ƙara ko mako, kuma ki riƙa duba shafin gwamnati da kanki.

Ki gaya wa kamfanin tun yanzu cewa bizar Birtaniya ba ta shigar da mai fasfon Najeriya Sifaniya ko Jamus. Abokin aikinki zai ji labarin taro ranar Litinin ya tashi Laraba, ke sai kin nemi bizar Shengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai. Kada ki ɓoye wannan don kunya har a ce ba ki da himma. Ki sa kamfani ya rubuta miki wasiƙa ki nemi mai shiga da yawa, ki jera manyan tarukan shekara tun da wuri, na Balin ta Jamus a watan Maris, na Dubai, na Landan a Nuwamba.

A ofis kuwa, ba sai kin bi su mashaya ba kafin a san ki, kuma dokar daidaito ta 2010 ta kare addininki da hijabinki da cikinki in Allah ya kawo rabo. Amma gaskiya ce shawarwari da yawa a irin wannan zaman ake ƙulla su, don haka ki ƙirƙiri naki: shayin safe da shugaban sashe, minti ashirin, ki zo da lamba a hannu, kwangila kaza, ciniki ya tashi da kaza. Ki daina cewa "mun yi" a inda ke kika yi. Mun taso an koya mana yabon kai jahilci ne, su kuma wanda bai faɗa ba ɗauka suke bai yi ba. Ki nemi babba ɗaya da zai ambaci sunanki a ɗakin da ba kya ciki, mace ko namiji. Ki koyi karanta asusun riba da asara ko da a darasin dare ne. Sannan ku zauna da maigida kafin ki sa hannu, ku fito da wa zai ɗauko yara ranar da kike Dubai. Bizarsa a jikin taki take, shawarar ta ku biyu ce, kuma a ji ta daga bakinsa a gida ya fi a ji ta daga naki.

Matan masallaci ki ba su haƙuri. A Birtaniya wanda zai haɗa jirgi da masauki ya sayar sai da lasisin ATOL, mai kare kuɗin matafiya, kuma bizarki ta taƙaita irin aikin gefen da za ki iya yi. Ranar da otal ya ce bai ga sunan Hajiya wance ba a Makka, ba za a tuna taimako kika yi ba. Ki nuna musu yadda ake duba lambar ATOL ta kamfani da yadda ake shiga Nusuk, manhajar Saudiyya ta Hajji da Umara, kada kuɗin kowa ya kwana a asusunki.

Yayanki bai yi kuskuren ganin kasuwa ba, jigilar Umara daga Kano kasuwa ce ta gaske. Amma taura biyu ba ta taunuwa. Kamfanin yana buƙatar rajistar CAC da lasisin NAHCON da mutumin da zai tsaya a filin jirgi da fasfo hamsin a jaka, kuma kuɗin jama'a ne, ana karɓa da naira ana biya da riyal. In aka samu tangarɗa, ƙofar gidan Hajiya za a zo, sunanki za a kira. Kwangilar aikinki ma mai yiwuwa ta hana ki shiga kasuwanci irin na kamfanin ba da izini ba. In kina so ki taimaka, ki ba shi abin da in ya salwanta ba za ku daina gaisawa ba, a rubuta bashi ne ko jari, a gaban shaida. Sunanki ki riƙe tukuna.

Hajiya kuma ba aikinki take ƙi ba, ganinki take so. Kada ki ce mata "sai an ga hali", wannan ce amsar da ke hana uwa barci. Ki ba ta rana: Hajiya, da babbar salla ina nan tafe da yara, kuma saura shekara biyu in samu takardar da zan riƙa zuwa ba fargaba. Ki nema mata bizar ziyara ta zo ta ga jikokinta, ana ba da har wata shida, ta koma kafin wa'adi don ta gaba ta yi sauƙi. In ranar komawa gida ta zo, ki sani izinin dindindin yana mutuwa in kin yi shekara biyu a jere a waje, fasfo kuwa ba ya mutuwa haka, kuma tsarin mulkin Najeriya bai hana wanda aka haifa ɗan ƙasa riƙe biyu ba. Ki gaida min maigida da yara, ki kuma rubuto in sashen ma'aikata sun ba ki lambar.