Hitler, Pinochet da Abacha: Jirgi Ɗaya Ne Ya Kwaso Su?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Jos. Ran nan muna zaune a teburin mai shayi a Unguwar Rogo sai gardama ta kaure. Wani ya ce Hitler da Pinochet da Abacha duk 'yan fasist ne masu ra'ayin dama. Wani kuma ya ce kama-karya kama-karya ce, ba ta da dama ba ta da hagu. Don Allah mene ne mulkin kama-karya na 'yan dama, kuma mulkin sojan da muka yi a Najeriya yana cikinsa?

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Bari mu fara da ruɗanin da harshenmu ke jawowa. Bahaushe da ya ji an ce dama sai ransa ya ba shi alheri, don da ita ake ci, da ita ake musafaha. A siyasa kuwa asalin maganar wurin zama ne kawai. A majalisar Faransa a 1789, lokacin juyin juya hali, masu goyon bayan sarki da coci suka zauna a daman shugaban majalisa, masu neman sauyi suka zauna a hagunsa, sunan kuma ya bi su har yau. Ɗan dama shi ne mai son a bar tsarin da aka gada yadda yake: mai dukiya da dukiyarsa, mai sarauta da sarautarsa, kowa ya san matsayinsa. In kana son misali na kusa, tuna yadda jam'iyyar NPC mai goyon bayan sarauta da NEPU ta Malam Aminu Kano mai fafutukar talakawa suka ja daga a Arewa.

Wannan ra'ayi shi kaɗai ba laifi ba ne. Jam'iyyun 'yan mazan jiya a Ingila da Jamus suna shiga zaɓe, su ci, su faɗi, su miƙa mulki. Kama-karya tana shigowa ne ranar da manyan ƙasa suka ga akwatin zaɓe ba zai ƙara tsare musu abin da ke hannunsu ba, sai su nemo mai sanda. Abin da nake so ka riƙe ke nan: irin wannan mulki ba kasafai yake fasa ƙofa ba, daga ciki ake buɗe masa.

Dubi Italiya. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1919 da 1920, yajin aiki ya game ƙasar, ma'aikata suka mamaye masana'antu a Turin da Milan, manoma suka fara ƙwace gonakin masu filaye. Masu filayen suka zuba wa 'yan bangar Mussolini kuɗi, masu baƙaƙen riguna, su kuma suka shiga ƙona ofisoshin 'yan ƙwadago suna lakaɗa wa shugabanninsu duka. Kujeru 35 kacal 'yan fasist suke da su a majalisa mai kujeru sama da 500. Amma da suka yi barazanar yin tattaki zuwa Rum a Oktoban 1922, sarki Victor Emmanuel na Uku ya ƙi sa hannu a dokar ta-ɓaci, ya kira Mussolini ya ba shi firayim minista. Daga sunan ƙungiyar Mussolini kalmar fasist ta fito, asalinta kuma damin sanduna ne da gatari a ciki, alamar iko a tsohuwar Rum.

A Jamus ma haka. A zaɓen Nuwamban 1932 'yan Nazi kashi 33 cikin 100 suka samu. Shugaban ƙasa Hindenburg ne ya naɗa Hitler ran 30 ga Janairun 1933, bisa shawarar 'yan mazan jiya irin su von Papen, waɗanda suka zaci kare suka samo don gadin gida, ashe kura ce suka sa a garke. Kafin ƙarshen Maris an buɗe sansanin Dachau, farkon waɗanda aka tsare a ciki kuma 'yan gurguzu ne da 'yan adawa. Ran 2 ga Mayu aka rushe ƙungiyoyin ƙwadago. Ƙarshen hanyar kowa ya san shi: yaƙin duniya, da kisan Yahudawa miliyan 6.

Sai dai ba duk mai kama-karya na dama ne ɗan fasist ba, kuma a nan abokinka na farko ya yi kuɗin goro. Ɗan fasist yana son taro da gangami, jam'iyya guda ta shiga makaranta da wurin aiki, matasa su sa kaki su yi fareti, yana kuma ƙishin yaƙi. Akwai wani iri mai sanyin murya. Salazar na Fotugal malamin tattalin arziki ne a jami'ar Coimbra, ya riƙe ƙasar daga 1932 zuwa 1968 da taken Allah, ƙasa da iyali. Shi ba ya son jama'a su cika titi ko da don yabonsa ne. So yake kowa ya zauna a gida ya ja bakinsa, 'yan sandan ciki su ji da wanda ya ƙi. Franco na Sifen, wanda ya ci yaƙin basasa na 1936 zuwa 1939 da taimakon Hitler da Mussolini, daga baya ya koma kusa da wannan salo, ya kuma mutu a kan mulki a 1975.

Kada ka ɗauka labarin Turai ne zalla. Gwamnatin Mussolini ce ta rataye Umar Mukhtar a Libiya a 1931, ita ce ta auka wa Habasha a 1935 har da iska mai guba. Sojojin Najeriya suna cikin waɗanda suka kori Italiyawa daga can a 1941. Kai da kake Jos ma abin ya taɓa ƙasar da kake takawa. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai Turawan mulkin mallaka suka yi ta kwaso mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ramukan kuza na Filato har 1944, da yawa kuma sanyi da cuta suka kashe su. Fotugal kuwa ta ƙi sakin Angola da Mozambik da Gini Bisau, ta yi ta yaƙi daga 1961, har ƙananan hafsoshinta suka gaji suka kifar da gwamnati ran 25 ga Afrilun 1974.

Zagaye na biyu ya zo da yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, inda kalmar gurguzu ta zama lasisin kisa. Duk janar ɗin da ya ce yana yaƙi da ita, Amurka takan kau da kai, sau da yawa ma ta ba shi kuɗi da horo. Sojoji suka karɓi Birazil a 1964. A Indunusiya, hawan Suharto ya zo da kisan mutane aƙalla 500,000 a 1965 da 1966. Ran 11 ga Satumban 1973 Pinochet ya hamɓarar da zaɓaɓɓen shugaban Chile, Salvador Allende; an kashe ko an ɓatar da sama da mutum 3,000, aka kuma sayar da kamfanonin gwamnati. A Ajantina, daga 1976 zuwa 1983, har jefa fursunoni aka riƙa yi cikin teku daga jirgin sama. Hukumar bincike ta rubuta sunayen kusan 9,000 da suka ɓace, masu kare haƙƙin ɗan Adam suna cewa sun kai 30,000. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ita ma ta kafa dokar murƙushe gurguzu a 1950, ta faɗaɗa ma'anar kalmar har duk baƙin da ya nemi daidaito yana iya faɗawa ciki.

Masu kare irin wannan mulki kan kawo Koriya ta Kudu, wadda ta bunƙasa a zamanin Park Chung-hee, 1961 zuwa 1979. Bunƙasar gaskiya ce. Amma ni ban yarda sandar ce ta kawo ta ba, don tattalin arzikin Chile ya durƙushe a 1982 Pinochet yana kan kujera, janar-janar na Ajantina kuma bashi suka bar wa ƙasarsu.

Abokinka na biyu shi ma yana da hujja. Wanda ke cikin kurkuku bai damu da ko dama ce ta kulle shi ko hagu ba. Stalin na Tarayyar Sobiyet da Pol Pot na Kambodiya da Mengistu na Habasha 'yan hagu ne, kuma sun zubar da jini ba kaɗan ba. Bambancin yana wajen wanda ake farauta da wanda ake tsarewa: na hagu yakan ƙwace dukiyar masu hali ya mallaka wa jam'iyya, na dama yakan tsare ta ya bi ta kan masu neman a raba.

To, sai namu na gida. Akwai kamanni. Doka ta 2 ta 1984 ta ba da damar tsare mutum ba shari'a. Babangida ya kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, ya rushe shugabancin ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, a 1988. Abacha ya sake rushe shi a 1994 tare da na ƙungiyoyin ma'aikatan mai, NUPENG da PENGASSAN, ya tsare sakataren NUPENG, Frank Kokori, ya rataye Ken Saro-Wiwa a 1995. Duk da haka ba na sa su a sahun Pinochet. Sojojinmu ba tsoron wata jam'iyyar gurguzu ne ya fito da su daga bariki ba. Rikicin yanki, da cin hanci, da rabon kuɗin mai, da kwaɗayin hafsoshi su ne a gaba. A waje ma sau da yawa hagu suka karkata: Murtala ya amince da gwamnatin MPLA mai ra'ayin gurguzu a Angola a 1975 duk da matsin Amurka, Obasanjo ya ƙwace kadarorin kamfanin man Ingila, BP, a 1979 saboda batun kudancin Afirka. Abacha kuwa ban ga wata aƙida a mulkinsa ba, ta dama ko ta hagu. Kama-karyar mutum ɗaya ce da na kusa da shi, shi ya sa a 1998 jam'iyyu biyar ɗin da aka yi wa rajista duk suka tsayar da shi ɗan takararsu.