Tambayi Likita: Zuciya, Jini da Kunun Kanwa

Tambaya: Likita, me ya sa jijiyoyin bayan hannuna suke kore-kore? (Ɗalibi daga Gwadabawa)

Amsa: Fata ce ke sa ka gan su haka, jinin ciki ja ne. Su ne ke mayar da jini zuciya bayan jiki ya zuƙe iskar da ke cikinsa, shi ya sa jansa ya fi duhu.

Tambaya: Sau nawa ya kamata zuciya ta buga? (Daga Tambuwal)

Amsa: Sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya ga babba yana hutawa. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, ka ƙirga. In tana tsallake, je asibiti.

Tambaya: Maiɗakina ta haihu wata biyu ke nan. Ƙafafunta sun kumbura, tana haki, ba ta iya barci sai an tara mata matasai. Iyaye sun ce sanyin jego ne, a ƙara mata kanwa da ruwan zafi. (Magidanci daga Mabera)

Amsa: Malam, ka kai ta asibiti yau, kada a kwana. Wannan alamar gazawar zuciya ce.

Zuciya ɗakuna huɗu ce. Ɓangaren dama na tura jini zuwa huhu ya ɗauko iska, na hagu kuma ya harba shi ko'ina a jiki. Jinin babba kusan lita 5 ne, amma mai ciki nata na ƙaruwa da kusan rabi, kuma wasu matan zuciyarsu kan raunana bayan haihuwa. In hagu ya gaza, ruwa ya taru a huhu, sai haki da tarin dare. In dama ya gaza, ƙafafu su kumbura.

To a kan wannan za a ƙara kanwa? Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, riƙe ruwa take yi a jiki. Ruwan wankan da ke tafasa kuma yana buɗe jijiyoyin fata, zuciya ta ƙara gudu. Jakin da ya durƙusa ake ƙara wa mangala. Likitoci a Zariya da nan Sakkwato sun daɗe suna ganin wannan ciwo ga masu jego, amma har yau ana dama kunun ya yi kauri da kanwa!

Ka yi wa iyaye bayani cikin ladabi, a dakatar da kanwar, a sassauta zafin ruwan. A Asibitin Koyarwa na Danfodiyo za a yi mata hoton zuciya, a ba ta maganin rage ruwa. Kada ta sake ɗaukar ciki sai likita ya amince. Na sake faɗa, yau za ka kai ta.

Tambaya: Na yi ƙaho an fitar da mataccen jini, in daina maganin hawan jini? (Alhaji daga Wurno)

Amsa: A'a, Alhaji. Daskarewa ce ta sa jinin ya yi baƙi. Ci gaba da shan maganinka, a auna ka, in ya kai 140/90 ka koma wurin likita.